Ranar Gayya a Barkiya

Bayan La'asar ɗin Talata Alhaji Ashafa ya shigo ofishin 'yan sanda na Dutsin-Ma, rigarsa a yage, kansa babu hula. Shi ne manajan Bankin Inuwar Ma'aikata, ƙaramin bankin da malaman makaranta da ma'aikatan asibiti ke ajiye ɗan abin da tsadar rayuwa ta rage musu.

"'Yan bindiga ne, yallaɓai," ya ce wa Sufeto Lado. "Sun kwashe kuɗin banki kaf, sun tafi da kashiyana Abdullatif."

"A ina?"

"Hanyar daji ta Barkiya, gindin wata babbar tsamiya a bakin gona. Daga reshenmu na Kurfi muka ɗauko kuɗin, muka ratse ta nan don kada a gane mu."

"Yaushe?"

"Da hantsi. Tun lokacin nake ɓoye a daji, na ruɗe."

"Suka bar maka mota?"

"Allah ne ya tsare."

"Da agogon hannunka?"

Alhaji ya ja hannun riga ya rufe agogon. Can ya rage murya. "Ba na son ɗaukar alhakin kowa. Amma Abdullatif kaɗai ya san hanyar da za mu bi, kuma ban ga sun ɗaure shi ba."

Wannan magana guba ce, kuma ya san guba ce. A ƙasar nan yanzu, idan aka kira mutum infoma, ba a jiran alƙali.

Kafin gari ya waye labari ya gama unguwanni. Da safe Sufeto ya tarar da jama'a a ƙofar gidan hayar Abdullatif. Ba 'yan daba ba ne. Mutane ne masu guga a rigunansu, waɗanda a da suke da motoci, suka koma babura, yanzu suke tafiya a ƙasa. Wani saurayi na riƙe da jarkar fetur.

Malam Ya'u, tsohon hedimasta wanda giratutinsa duka ke bankin, ya tare shi.

"Sufeto, na koyar da rabin yaran nan, shi ya sa suke jin maganata. Amma in rana ta faɗi ba ka ce mana komai ba, ba ni da bakin tsare su."

Sufeto ya tsayar da kurata biyu a ƙofa, ya yi sallama ya shiga. Mardiya, matar Abdullatif, tana zaune a tabarma da jaririya a cinya.

"Malama, mijinki ya yi wata sabuwar sayayya kwanan nan?"

Ta yi murmushin takaici. "Sayayya? Babur ɗinsa ma sayarwa ya yi muka biya haya."

"Wa ya ɗauke shi jiya?"

"Alhaji da kansa ya zo ƙofar gida. Bai taɓa zuwa ba."

"Ya faɗa miki wata damuwa?"

"Ya daina cin abinci. Ya ce masu binciken banki na tafe daga Katsina, kuma Alhaji na son ya shaida abin da bai gani ba. Ya ce ba zai yi ba." Ta ɗago kai. "Yallaɓai, ƙona mu za su yi?"

Sufeto bai yi mata alkawari ba. Ya fita ya hau motar sintiri.

Tsamiyar tana nan yadda aka kwatanta. Amma gonar da ke gefenta an nome ta tas, ƙasa duk sawun mutane, ga tokar murhu a inuwa. Ya aika aka kira Mai'unguwa Manu.

"Jiya da hantsi? Nan wurin?" Tsohon ya yi dariya har da tafa hannu. "Ranka shi daɗe, jiya gayya munka yi nan. Gonar marigayi Khalil ce, ya bar marayu, ciyawa ta so ta cinye geron. Samarin gari duka suna nan da hauyoyi, makaɗi na kiɗi, mata sun kawo tuwo da fura sun jera gindin tsamiyar nan. 'Yan sa-kai ma suna nan da bindigoginsu, don yanzu ba mu taro babu tsaro."

"Har yaushe?"

"Tun rana na fitowa har munka yi La'asar nan."

"Wata farar mota ta wuce?"

"Mota? Ko jaki ya wuce sai mun yi wa mai shi sannu."

Alhaji ya sha bin hanyar, kullum yana ganin ta shiru. A zatonsa wurin da bai ga kowa ba, babu mai shi.

A hanyar dawowa Sufeto ya kira reshen Kurfi. Suka ce jiya ba su ga manaja ba, ba su fitar da ko sisi ba. Da ya isa ofis ya sa aka buɗe bayan farar motar Alhaji. Wani wari mai kama maƙoshi ya buso, warin maganin da ake sa wa hatsi a sito. A ƙasan but ɗin akwai ƙwayoyin masara, ƙwari na fita daga cikinsu.

Aka shigo da Alhaji, yau cikin sabuwar shadda.

"Alhaji, ka ji kiɗa jiya a gindin tsamiya?"

"Wane kiɗa?"

"Garin Barkiya gaba ɗaya yana wurin, ana gayya. Kurfi kuma ba su gan ka ba. Yaushe manajan banki ya koma ajiyar masara?"

 Gumi ya keto wa Alhaji.

"Kowa yi yake, yallaɓai. Naira na narkewa a hannu. Na ce in juya ajiyar mutane cikin masara, in ta tashi in mayar har da riba. Sai farashi ya faɗo ƙasa, manyan masu saye suka janye. Ai kana ji a rediyo, duniya ce gaba ɗaya ta tsaya."

"Duniya ba ta zo ƙofar gidan Abdullatif ta ɗauke shi ba. Yana ina?"

"A garin Shema, cikin sitona. Na kai shi ya ga kayan da idonsa, ya san ba ci na yi ba. Ya ce duk da haka zai faɗa. Sai na rufe shi don ya yi tunani."

"Bayan ka zuba magani?"

Alhaji ya sunkuyar da kai. Aka sa masa ankwa.

Jama'a suka bi motar 'yan sanda har Shema, wasu a babura, wasu da gudu. Aka fasa kwaɗo, aka ja da baya sai da warin ya ragu. Abdullatif yana kwance daf da ƙofa, bakinsa a ƙasa wajen ɗan ramin da iska ke shiga. Ya riga ya sandare.

Salati ya tashi. Mutanen da suka kwana suna tsine masa suka cire huluna suka rasa inda za su sa ido. Aka tura Alhaji Ashafa cikin mota, babu wanda ya ko jefe shi.

Malam Ya'u ya matso a hankali.

"Sufeto, Allah ya jiƙan yaron nan, mun ɗauki alhakinsa. To, ajiyarmu fa?"

Sufeto Lado ya soka yatsa cikin buhun masara na kusa. Gari da ƙwari suka zubo a kan takalmin tsohon.

"Ga ta nan, Malam," ya ce.