Zakaran Aro

Auta ba ta gama sallama ba Yaya ya fizge ledar da ke hannunta. Farar leda ce mai hoton jan zakara ya ɗaga kai yana cara, tambarin katafaren kantin nan da aka buɗe a bakin titi, wanda tun zuwansa ciniki ya juya wa shagon 'yan unguwa baya.

"Gidan uban wa kika samo wannan?"

"Yaya, turare ne kawai da sabulu, shi ne ya—"

Tas! Marin ya sauka har sai da ta ga wuta. Ya zaro kwalbar turaren ya maka ta da bango, ta tarwatse, ƙamshi ya cika falon.

Umma ta fito daga kicin da ludayi a hannu. "Kai! Kashe min ita za ka yi? Hannun nan naka kamar faranti!"

"Umma, saurayin nan nata ma'aikacin kantin ne fa ya ba ta, Mai Jar Riga! Har cikin gidan nan za a shigo mana da zakaransu?"

Baba ya rage muryar rediyo. Shi ne shugaban shagon, shagon da gidajen unguwar suka haɗa hannu suka kafa tun Auta tana goye. Kowane gida da ranar da yake tsaron kanta, a auna wa mutum da kwano a yi masa tozo, a ɗora masa gyara. Yanzu kuwa sai ƙuda ke ziyartarsu.

"Auta," ya ce, muryarsa a sanyaye, "muddin yaron nan yana sanye da rigar masu neman binne mu da ranmu, kada ya sake taka min ƙofar gida. Na gama magana."

Ta shige ɗaki ta faɗa kan katifa tana kuka. Laifin me ya yi? Jera kaya kawai yake yi a kantin, da aikin yake riƙe da mahaifiyarsa da ƙannensa. Tare suka gama jami'a, tun suna aji ɗaya yake sonta, bai taɓa ɗaga mata murya ba. Da ta kira shi a waya tana shessheƙa, cewa ya yi, "Ki yi haƙuri, ki bi Baba. Ni ba inda za ni."

Abin da ya ƙara ƙona mata rai, ita ce ta san ciwon shagon, don kasuwanci ta karanta. A taron 'yan unguwa ta taɓa miƙewa ta ce, "Iyayena, ba shinkafa mutane ke saya a sufamaket ɗin nan ba, suna suke saya. Mu ma mu yi namu tambarin, mu tsince tsakuwa, mu ƙulla kaya a leda mai kyau. Kwastoma da ido yake fara ci!"

Wani dattijo ya ce, "To, digiri ta yi magana!" Aka kwashe da dariya.

Mutum ɗaya ne bai yi dariya ba: Yaya. Sai dai rabin maganar ya ɗauka, ya bar rabin a wurin.

Ba a jima ba buhunan shinkafa masu jan zakara suka bayyana a shagon, kuma sun fi na kantin sauƙi. Unguwa ta ɗauka. Matan da suka daina gaishe da Baba suka dawo suna layi. "Kin ji bambanci? Wannan ko miya babu sai ta shiga!" Yaya ya ce wa Baba rarar kaya ce yake samowa wajen wani dila, Baba kuwa da ya ga shago ya cika bai tsawaita tambaya ba.

Ranar da tsaron kanta ya zagayo gidansu, Auta ta leƙa sito neman gishiri. Can ta tarar da Yaya a tsugune da basilla da baƙin zare, gefensa tulin buhunan da ya tsinto a bola ya wanke, yana ɗura musu shinkafarsu ta kullum yana ɗinkewa.

"Innalillahi! Yaya, wannan ai ha'inci ne!"

Ya miƙe ya shaƙo wuyan hijabinta ya manna ta da bango, ya kai tsinin basillar dab da idonta. "Ba ke kika ce suna ake saya ba? To ga sunan. Ki faɗa wa wani ki ga yadda ake ɗinke baki!"

Ana cikin haka suka ji sallama a ƙofar shago. Mai Jar Riga ne, da rana tsaka, yana haki, zakaran a ƙirjinsa.

"Yaya, wurinka na zo. Ɗazu wata mata ta kawo mana buhu tana faɗa, wai ta tauna tsakuwa haƙorinta ya ɓare. Ina gani na san ba ɗinkinmu ba ne, namu na inji ne da farin zare. Ta ce a nan ta saya. Manaja bai ji ba tukuna. Don Allah ka kwashe su yau, kafin—"

"Au, leƙen asiri aka turo ka?"

Dutsen sikeli Yaya ya ɗauka. Auta ta ƙwalla ƙara, amma ya riga ya sauke masa shi a goshi. Jini ya ɓalle ya wanke masa fuska, ya zube kan buhun sukari. Yaya ya bi shi da ƙafa, a ciki, a haƙarƙari, a baya.

"Tashi ka rama! Ka rama mana, karen kanti!"

Ya tofar da jini ya ce, "Ba zan ɗaga hannu ga yayan wadda zan aura ba."

Da ƙyar maƙwabta suka janye Yaya. Da Baba ya zo ya ji ƙaryar da aka shirya masa, cewa yaron ya zo ne ya ci musu mutunci, sai ya ce, "Maganinsa ke nan." Auta ta buɗe baki, ta tuna basilla, ta rufe. Tun daga ranar abinci ya daina shiga cikinta.

Amma ramin ƙarya ƙurarre ne. Matar mai ɓararren haƙori ba ta bar gida ko ɗaya ba, tana tafe tana nuna baƙin zaren. Wata rana da hantsi Auta tana taya Baba share kanta suka ji ihu yana tunkaro su kamar ruwa da iska.

"Ɓarayi! Macuta! Ku fito!"

Dutsen farko ya fasa gilashin taga. Matasa suka danno ciki, suka kifar da kanta, jarkar mai ta fashe, gwangwanaye suka warwatse, aka yayyaga buhuna shinkafa ta malale har titi. Wani ya wanke Baba da mari hularsa ta faɗi cikin mai. Yaya kuwa, zakin gida, tuni ya haura katangar baya, ko takalmi bai tsaya ɗauka ba. Auta ta ja Baba lungu ta kare shi da jikinta. Sai ta ji warin fetur.

"A ƙona shagon! Wa ke da ashana?"

"Ku dakata!"

Mai Jar Riga ne tsaye a bakin ƙofa, kansa naɗe da bandeji, hannuwansa a ware. Rigar nan da ta jawo masa duka ita ta tsayar da taron cak. Mai fetur ya sauke jarka.

"Ga ma'aikacinsu nan! Shi zai faɗa mana gaskiya!"

"Zan faɗa," ya ce. "Buhun namu ne, shinkafar ba tamu ba ce. An cuce ku, kuma hukuma za ta bi muku haƙƙinku. Amma tsohon nan bai sani ba. Ni na san wanda ya ɗinka, ga shaida a goshina." Ya juya ga wata mata a cikin taron. "Mama, ba ke kika ce ko miya babu tana shiga ba? Ita ce dai wadda kika raina bara, riga kawai ta canza. Wa ke nan da tsohon nan bai taɓa yi wa tozo ba? Shagon wa za ku ƙona? Ba iyayenku suka kafa shi ba?"

Kawuna suka fara sunkuyawa. Baba ya taho zai yi magana. A nan ne wani daga baya, wanda bai ji komai ba sai zafin kansa, ya wurgo rabin bulo yana auna tsohon. Mai Jar Riga ya sha gabansa. Ƙas! Ƙashin kafaɗarsa ya karye, ya faɗi a ƙafafun Baba. Ganin haka taron ya watse kamar an jefa dutse cikin tsuntsaye.

Washegari manaja ya aiko har asibiti aka karɓi rigar, wai ya tozarta tambarin kamfani da kare 'yan jabu. 'Yan sanda suka kamo Yaya a gidan abokinsa. Da suka tambayi majinyacin wa ya fasa masa goshi, sai ya ce, "Tsakanina da ɗan'uwana ne, na yafe." Laifin buhunan ne dai bai yafu ba. Yaya ya ɗanɗana zaman ɗakin duhu, da ya fito kuma shi da hannunsa ya cinna wa ragowar buhunan wuta a gaban 'yan unguwa, yana kuka kamar yaro.

Baba ya zauna a bakin gadon asibiti, hawaye na bin gemunsa, ya kasa haɗa ido da shi. Auta da Umma suna tsaye a bayansa.

"Ɗana, da wane baki zan—"

"Baba," ya ce yana murmushi duk da ciwon, "ka ce muddin ina sanye da rigar nan. To ga ni, sun ƙwace abarsu."

Dariya ta ƙwace wa Umma cikin kuka. Baba ya kamo hannunsa mai lafiyar ya riƙe gam. "Ƙofata a buɗe take. Auta taka ce."

Bayan aurensu 'yan unguwa suka sake taro, wannan karon ba wanda ya yi wa digiri dariya. Auta ta zana tambari da hannunta: kwano cike da tozo. Matan gidaje suna tsince tsakuwa, angon yana jera kaya yadda ya koya, Yaya kuwa shi ke ɗinkin buhu, da basillarsa da baƙin zarensa, yanzu a kan teburi a gaban kowa. Jan zakara yana nan yana cara a bakin titi, manyan motoci can suke tsayawa har gobe. Amma shagon bai mutu ba, kuma duk wanda ya ɗauki ledar kwano ya san abin da ke ciki.

Kayan aro ba ya rufe katara, suna kuwa ba a tsintarsa a bola, gina shi ake yi da gaskiya. Kada a yanke wa mutum hukunci da rigar da ke jikinsa. Mai haƙuri shi kan dafa dutse, har ya sha romonsa.