Tawadar Allah a Diddige

"Wato ɗana mai cuta ne?"

Likita ta ji kamar ta nutse cikin kujera. Yau ta fara zuwa gaishe da mahaifiyar Tela, saurayin da take shirin aura. Ko ruwan da aka kawo mata ba ta sha ba aka fara shari'a.

"Ba haka na ce ba, Umma..."

"Yayarsa ta faɗa mini komai. Kin ce ba za a sa rana ba sai an yanki ƙafarsa."

Yaya na gefe tana latsa waya kamar ba ita ba. Dama ƙawarta take so Tela ya aura.

Maganar gaskiya ce, gishiri kawai aka ƙara mata. Likita a ɗakin bincike take aiki. A kawo ɗan yankin fata, a daskarar da shi cikin kaki, a fere shi siriri, a rina, ita kuma ta duba a madubin likita ta faɗi ko sankara ce ko a'a. Tun ranar da ta kai ɗinki shagonsa ta hango baƙin tabo a diddigen da yake taka keken ɗinki da shi, kuma hankalinta bai kwanta ba.

"Ni na zaci kunyata take ji, shi ya sa take sunkuyar da kai," in ji Tela. "Ashe ƙafata take karantawa."

"Rufe mini baki," in ji Umma. Ta juyo kan Likita. "Tawadar Allah ce, yarinya. Gadonmu ce."

Ta zare silifas, ta ɗora ƙafa a kan tebur.

"Ga tawa. Sai da na manyanta ma ta fito. Bara 'yar mitsitsiya ce, yanzu dubi yadda ta yi faɗi. Wani lokaci har ta ɗan yi jini. Na mutu ne?"

Likita ta duba. Gefen tabon a karkace yake, kamar tawadar da ta zube a ƙyalle. Wani wuri baƙi ƙirin, wani wuri ruwan ƙasa, wani toka-toka. Ba ta san lokacin da ta durƙusa ta kama ƙafar da hannu biyu ba.

"Sakar mini ƙafa!"

"Umma, ta Tela za ta iya jira. Taki ba za ta jira ba."

Yaya ta ajiye waya. "Kin gani ko? Daga ɗa ta koma kan uwa."

Umma ta daɗe tana kallon Likita.

"Zan je," ta ce. "A yanke mu duka biyu. Amma in aka ce tawa ba komai, ki fita daga harkar ɗana."

"Na yarda."

A bakin ƙofa Tela ya sha gabanta.

"Rabin raina, don me kika yi haka?"

"Ban san ma me zan roƙa ba. In na yi kuskure na rasa ka. In na yi daidai..."



"To me za ki roƙa?"

"Allah ya sa kuskure na yi."

Ya karɓi jakarta ya raka ta har bakin titi.

Aka ɗebi fatar uwa da ɗa. A ɗakin bincike akwai doka: ba ka duba naka. Don haka gilasan da aka shimfiɗa fatar a kai suka tafi teburin Oga, tsohon likitan da ya koya mata aikin. Ita kuwa ta yi ta safa da marwa a ƙofar ofishinsa har sai da ya leƙo.

"Za ki cinye mini siminti. Shigo."

Ta shiga ta tsaya a gabansa.

"Ta saurayinki tawadar Allah ce, ba ta yi wa kowa laifi ba. Ta tsohuwa sankarar fata ce."

Ta buɗe baki za ta yi magana.

"Ban gama ba. A sama take, ba ta kafa saiwa ba. A yanke da faɗi, mu duba gefe. Da an bari sai baɗi, da wata maganar muke yi."

Aka sake yi wa Umma aiki. Oga ya bi gefen abin da aka cire kaf, bai ga saura ba. Ranar da ya faɗa mata, Likita ta shiga ɗakin ajiye kaya ta yi kukanta, ta wanke fuska, ta kira Tela.

Da ta je gidansu, ta tarar da Umma a falo, ƙafa a naɗe da bandeji a kan matashi. Tela na tafiya yana ɗingishi.

"Kai da aka yi wa ɗinki ɗaya," in ji Umma. "Ni da aka sassaƙe ban yi wannan rakin ba."

"Ɗinkin ne bai yi kyau ba, Umma. Da ni na yi..."

Yaya ta kawo wa Likita ruwa da kanta. Ta ɗan sunkuyo, ta rage murya.

"Ƙanwata, akwai wata a gadon bayana... in kin huta."

"Sai na huta, Yaya."

Umma ta yi gyaran murya.

"Ba ki da kunya, yarinya. Ranar farko kika kama mini ƙafa."

"Ki yafe ni, Umma."

"Ban ce ki ba da haƙuri ba. Matso nan."

Ta matsa. Umma ta kama hannunta ta riƙe gam, ba ta kalle ta ba.

"Yaushe za a cire mini zaren nan?"

"Mako mai zuwa."

"To, kai. Ka je ka gaya wa kawunanka su shirya. Da ƙafata zan shiga gidan su 'yar nan."