Babin da Wasila Ta Ƙi Karantawa

Mannir bai runtsa ba daren jiya. Da ya shiga motar Tsafe a tashar Gusau, sai ya jingina kai da gilashi yana juya tambayar da ta hana shi barci: anya littafin nan zai ƙare kuwa? Tun rasuwar mahaifinsa yake rubuta shi, yana sakinsa babi-babi a wani zauren masu karatu na waya, kuma tun lokacin babu abin da ke yi masa daɗi ko zafi. Koyarwa, cin abinci, rubutu, duk da fuska ɗaya yake yinsu.

A kujerar baya wata budurwa ke yi wa ƙawarta ƙorafi.

"Marubucin nan, Allah ya shirye shi. Jaruminsa tun damina yake tsaye ƙofar gidan yarinya, bai shiga ba, bai tafi ba. Ni ke naɗar littafin a murya don matan unguwarmu, har sun fara tambaya ko ƙafarsa ce ta kafe."

Mannir ya waiwaya. "Ni na tsayar da shi."

Ƙawar ta tuntsire da dariya. Ita kuwa ta ja mayafi ta rufe baki, amma ba ta janye maganar ba.

"To, Malam, ko kujera ce ka ba shi."

Sunanta Wasila, 'yar Malam Sama'ila mai sayar da hatsi a Bilbis, tana karatun koyarwa a Gusau. Daga ranar, duk babin da ya gama ita yake fara tura wa. Takan karanta ta naɗa, shi kuma ya saurara a ɗakinsa na Tudun Wada, yana mamakin yadda kalmominsa masu sanyi ke ɗumi a bakinta.

"Malam Marubuci, babin yau ya ja. Tuwon Inna ya kusa kamawa muna jiran yaron nan ya yi sallama," ta rubuto masa.

"Muryar littafina, ki yi masa uzuri. Tsoron abin da zai tarar a ciki yake yi."

Ya fara zuwa zance Bilbis, yana juyowa kafin La'asar saboda hanya. Aka girbe gero, aka girbe dawa, yana nan yana zuwa. Rannan Malam Sama'ila ya tare shi da kansa.

"Yaro, ba ni da ƙorafi kan halinka, amma tabarmata ta gaji. Lawali direba ya turo iyayenai neman izini. In da gaske kake, turo naka magabatan. In ba haka ba, ka bar min ɗiya ta huta."

Magabacin Mannir ɗaya ne: Baba Shu'aibu, ƙanin mahaifinsa, da ke Bungudu, a gidan da aka yi wa mahaifin sutura aka fita da shi. Tun da aka tashi zaman makoki Mannir bai sake taka zauren ba.

Bai je ba. Zama ya yi ya rubuta babin ƙarshe: jarumin ya juya daga ƙofar, aka aurar da yarinyar ga wani, ya yi mata fatan alheri daga nesa. Ya tura wa Wasila.

Murya ba ta zo ba. Saƙo ne ya zo.

"Na karanta. In amsarka ke nan, da ka faɗa mini da bakinka. Ba zan karanta wa mutane rabuwata da muryata ba."

"Labari ne kawai, Wasila."

"Ban taɓa jin ka yi ƙarya a labari ba. Baba ya ce ranar Juma'a zai ba mutanen Lawali amsa."

Ya daɗe yana kallon saƙon, yana jiran zuciyarsa ta motsa, ba ta motsa ba. Tun da ta ƙi, sai ya ce bari ya naɗi babin da kansa. Ya fara karantawa a bayyane, karo na farko a rayuwarsa. Nan ya ji abin da ido ya ɓoye masa: mutumin da ya ja wa tsayuwa littafi guda, ya kore shi cikin 'yan layuka. Wannan ba ƙarshe ba ne, gudu ne. Da ya zo inda jarumin ke juya baya, murya ta maƙale masa. Ya sake gwadawa, ta ƙi fita. Ya ajiye wayar.

Ranar Alhamis da safe ya hau motar Bungudu. Bai gaya wa kowa ba.

A ƙofar zauren ya ja ya tsaya. Buzun mahaifinsa na nan rataye a inda yake.

"Kai, Mannir!" in ji Baba Shu'aibu daga ciki. "Tsayuwar mi kake yi kamar mai talla? Shigo mana."

Ya cire takalmi, ya yi sallama, ya shiga. Yana durƙusawa kukan da bai yi ba ranar jana'iza ya kufce masa. Dattijon bai hana shi ba, ya dai ɗora masa hannu a kafaɗa har ya lafa.

"Baba, aure nake so."

"Shi ne ka taho min da fuskar ta'aziyya? Delu, uwargida! Dama fura, ɗanki ya tuna hanya!"

Washegari, tun kafin a tafi masallaci, dattawan Bungudu suka isa Bilbis da goronsu. Malam Sama'ila ya shiga cikin gida ya tambayi 'yarsa, ya fito yana girgiza kai.

"Yaronku nauyin ƙafa gare shi. Amma ta ce shi, kuma ya iso. Na ba shi."

Bayan Sallah aka ɗaura aure. Baba Shu'aibu ya karɓa masa, aka shafa Fatiha, aka roƙi Allah ya ba su zaman lafiya da zuri'a ɗayyiba.

A ɗakinsu na Damba, Mannir ya goge tsohon babin ya rubuta wani, bai ja ba, bai kuma yi gaggawa ba. Ya miƙa mata wayar. Wasila ta karanta a zuci har ƙarshe, ta ɗago ta dube shi.

"Ya shiga?"

"Ya shiga, Muryata."

Ta gyara zama kusa da shi, ta yi bisimilla, ta fara naɗa.