Idon Kifin Baba Sidi

A wani ƙauye da ke bakin teku a ƙasar Tunisiya, akwai wata yarinya mai suna Sirin. Tana aji biyar. Yarinya ce mai hankali, amma fa idan aka ce mata ƙarya take yi, hankalin nan tashi yake ya bar ta.

Kakanta, wanda take kira Baba Sidi, shi ne mai gadin kufan da ke bayan gari. Rumawa ne suka zauna a wurin, kusan shekara dubu biyu da suka wuce. Gidajensu duk sun rushe, sai daɓen wani ɗaki da ya tsira. An yi shi da ƙananan duwatsu masu launi, kowanne bai fi ƙwayar masara ba. An jera su har suka fitar da hoton masunci a kwalekwale, da wani ƙaton kifi mai jan ido.

Shekara talatin Baba Sidi yana kula da daɓen nan. Da sanyi ya gabato, lokacin da ruwan sama ke sauka, sai ya shimfiɗa masa buhuna, ya rufe da yashi.

Wata rana Sirin ta tambaye shi, "Baba Sidi, don me kake binne min kifina?"

Ya yi dariya. "Tsoho ne, ya girme ni nesa ba kusa ba. Sanyi yake ji." Sannan ya dube ta sosai. "Idan ruwa ya shiga ƙarƙashin duwatsun nan, sakin juna za su yi. Kada ki taɓa yashin sai ruwa ya ɗauke."

Bayan mako biyu, Malama Dalanda tana koya musu tarihin Rumawa. Sirin ta ɗaga hannu, ta ba da labarin kifin kakanta. A ajin akwai wani yaro, Iskandar, wanda bai daɗe da zuwa daga birni ba.

Ya ce, "Kifi a cikin ƙasa? Jiya na bi ta wurin, tulin yashi kawai na gani. Ko kakan naki ya soye shi ya cinye?"

Ajin ya ɗauki dariya. Sirin ta ji kamar ta nutse.

Da aka tashi, ta ce masa, "Biyo ni, sarkin musu."

Ranar Baba Sidi yana gona wajen tsinkar zaitun. Sirin ta sa hannu ta ture yashin, ta janye buhu. Sai ga kifin, jan idonsa yana kallonsu.

Iskandar ya ƙura wa kifin ido, ya ce, "Wallahi gaskiyarki ce."

Daɗi ya cika ta. Ta dubi yashin da ta ture, ta ga yana da yawa, ga yunwa. Ta ce a ranta, "Gobe na mayar." Ta ruga gida ta tarar an dafa kuskus da kifi, ta manta da komai.

Washegari suna cikin aji ruwa ya kece. Tana jin saukarsa a kan rufi ta tuna ta bar kifin a buɗe. Ta so ta faɗa wa Baba Sidi, tsoro ya hana ta. Kwana biyu ana ruwa, kwana biyu bakinta a rufe. A rana ta uku tumakin wani makiyayi suka ratsa ta kan daɓen.

Da yamma ta leƙa kufan. Ta tarar da Baba Sidi a durƙushe cikin taɓo. Ya cire jar hularsa, yana tsintar duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana zubawa a ciki. Kan kifin duk ya watse.

Bai ɗago ba ya ce, "Na tsufa, Sirin. Ga shi ban rufe da kyau ba, iska ta yaye. Gobe zan gaya wa mutanen gidan tarihi su nemi wani mai gadin."

Wannan magana ta fi mata duka zafi. Ta fashe da kuka.

"Ba iska ba ce, Baba Sidi. Ni ce. Na buɗe don in nuna wa Iskandar, ban mayar ba."

Tsohon ya ajiye hular, ya dube ta.

"Buɗewar kuskure ce," ya ce a hankali. "Amma da kin zo kin faɗa min ranar da ruwa ya fara, da kafin shayina ya huce mun rufe shi."

Sirin ta durƙusa ta shiga taya shi tsintar duwatsun. Da za ta iya mayar da kwana ukun nan baya, da ta mayar.

Da safe ta tsaya gaban aji ta faɗi abin da ta yi. Iskandar ya miƙe ya ce shi ma da nasa laifin. Malama Dalanda ta ce kowa ya aro rariya a gida. Bayan an tashi, yara ashirin suka je kufan, suka zauna suna tankaɗe yashi, suna ware duwatsu.

Wata mata mai gyaran kayan tarihi ta zo daga birni. Sirin ta kawo mata littafinta, inda ta sha zana kifin tun tana ƙarama. Da shi matar ta duba ta mayar da duwatsun. Komai ya koma wurinsa, sai abu ɗaya. Jan idon bai fito ba.

Sirin ta je bakin teku, ta tsinto wani jan dutse mai kyau, ta kawo wa kakanta.

Ya juya shi a tafinsa, ya mayar mata. "Ya yi kyau, amma ba nasu ba ne. Idan muka sa shi, mun yi wa masu zuwa kallo ƙarya. Abin da mutanen wancan zamani suka bari, tsaronsa ne namu."

Aka cike gurbin da farar ƙasa. Baba Sidi bai bar aikinsa ba. Ya ma sayo ƙaramin shebur ya ba Sirin, ya ce ya sami mataimakiya.

Sirin ta koyi cewa abin tarihi amana ne, idan ya ɓace ba a sayo wani. Ta kuma koyi cewa idan ka yi kuskure, ka faɗa da wuri tun ana iya gyarawa.

Yanzu duk shekara ita da kakanta suke rufe daɓen. Idan baƙi suka tambayi inda idon kifin ya tafi, ba ta bari Baba Sidi ya amsa. Ita ce take cewa, "Ni na jawo," sannan ta ba su labarin.