Gurabe Huɗu na Shiru

A Sabon Garin Minna an yi wata yarinya 'yar aji biyar. Kai, yarinyar nan ba ta iya zama wuri ɗaya! Ko tuwo take ci, ƙafarta na rawa.

Tana cikin mawaƙan cocinsu, a murya ta biyu. Da Lahadin godiyar girbi ta matso, Malam Kambai mai koyar da su ya shirya sabuwar waƙa. Littafinsa ɗaya ne tak, rubutun hannu.

"Rubutunki ya fi kyau," ya ce wa yarinyar. "Kwafi na murya ta biyu, sauran su kwafa daga naki. Kada ki bar komai."

"To, Malam."

A gida ta fara kwafa, do, re, mi. Sai ta jiyo ƙawayenta suna gaɗa a waje. Shi ke nan, hankali ya tafi! Ta iske wasu gurabe huɗu fayau, ba a rubuta komai a cikinsu ba.

"Wannan ai ɓarnar takarda ce," ta ce. Ta tsallake su, ta fice da gudu.

Ran Alhamis aka zo gwaji. Maza na cikin rera nasu su kaɗai, sai murya ta biyu ta faɗo musu a ka. Waƙa ta rikice. Aka sake, aka kuma sakewa, duk ɗaya.

Malam ya buga tebur, ya juya wajen wata ƙawar yarinyar mai jagorantar murya ta biyu. "Felicia! Ke ce shugabarsu. Me ya hana ki jira ƙidaya huɗu?"

"Malam, takardata nake bi."

"Ban da musu! Ran Lahadi a benci za ki zauna."

Felicia ta fashe da kuka. Kakarta za ta zo tun daga ƙauye don ta ji muryarta.

Sai yarinyar da ta yi kwafin ta tuna abin da ta tsallake. Ashe guraben nan na shiru ne! Amma tsoro ya kama ta, ta ja bakinta.

Washegari ta kasa sukuni. Ta shiga ɗaki, ta fito. Ta ɗauki tsintsiya, ta ajiye.

"Ke, kin ishe ni da zirga-zirga," in ji mamarta. "Me kika yi?"

Ta kwashe labari ta faɗa mata, tana hawaye.

"Haba ɗiyata! Kika bar 'yar mutane tana kuka a kan laifinki?"

"Mama, Malam zai kore ni."

"Wataƙila. Sa takalminki, mu je."

Suka sami Malam Kambai a ƙofar gidansa. Yarinyar ta durƙusa, ta miƙa takardarta.

"Malam, ni ce na tsallake. Felicia ba ta da laifi."

Ya daɗe yana duban takardar. "Shirun nan ma waƙa ne," ya ce. "A nan kike ba ɗan'uwanki wuri ya rera nasa. Ni ma na yi gaggawa, ban duba ba. Zan ba Felicia haƙuri."

Sai ya ba yarinyar aiki. Ta sake kwafe takardu shida, tana ƙirga kowane gurbi. Hannunta ya yi tsami. Ta kai wa Felicia tata har gida, ta roƙi gafara.

Ran Lahadi coci ya cika, ga doya da dawa jibge a gaba. Felicia na tsaye a wurinta. Da aka zo gurbin shiru, yarinyar ta tsaya cak. Ɗaya, biyu, uku, huɗu. Suka shigo daidai! Kakar Felicia ta rangaɗa guɗa.

Daga ranar yarinyar ta koyi yin aiki a natse. Ta kuma koyi cewa in ka yi kuskure, ka faɗa da wuri, kada wani ya sha hukuncinka.