Alewar Yagana da Ganyen Bado

Mutanen da labarin nan ya shafa su ne Yagana, budurwa a wani ƙauye na bakin kogin Haɗeja, da mahaifiyarta Iya Zainaba mai sana'ar alewa, da Kulu 'yar ƙanwar Iya, da Zarami masunci na tsallaken fadama, da mahaifiyarsa Ramatu, da Bunu ɗan fito. Abin ya faru a zamanin Turawa, lokacin da ake ɗibar samari zuwa yaƙin Bama.

Azumi ya zo ƙarshe. Yagana tana tsaye gaban turken da ke jikin bango, tana jan alewa da zafinta, tafin hannunta duk ya tashi. Iya ta ce ta kawo ta karɓe ta.

"A'a, Iya. Wannan hannuna kaɗai zai ja ta."

A ƙauyukan nan ba a ba mai neman aure amsa da baki. Ranar Sallah ake aika wa uwarsa ƙwarya. In farar alewa ce, wadda aka ja ta yi tauri, an yarda. In baƙin maɗi ne wanda ba a ja ba, an ƙi ke nan cikin mutunci, ba a kuma sake tambaya.

Zarami ne ke neman Yagana. Da fari Iya ba ta so ba, don ba ta son 'yarta ta zauna inda ambaliya ke raba mutum da danginsa, har ta hana Zarami zuwa zance. Ganinsu na ƙarshe a mashaya ne, kafin tsayuwar watan azumi, inda Zarami ya ce mata:

"Yagana, farin cikin raina... in maɗi ya zo, zan bi masu ɗibar soja. Ba zan zauna in ga an wuce da ke gidan wani ba."

Ta sunkuyar da kai don kunya, ta ɗauki tulunta ta tafi.

Sai da Iya ta ga yarinya tana ramewa, ko kunun buɗa baki ba ta iya sha, sannan ta sauko. Ita da kanta ta tace ruwan ɗinya, ta dafa har ya yi kauri, ta ɗiga a ruwan sanyi ya ƙame. Yagana ta ja, ta ninka, ta sake ja, har baƙin ya koma fari ƙal. Ta yayyanka, kowane yanki yana ƙara in ya faɗa ƙwarya.

Iya ta tafi kitso, ta bar sallahu a barbaɗa garin shinkafa, a rufe da busasshen faifai. Tana fita Kulu ta shigo da ɗanyen ganyen bado, ruwa na ɗiga jikinsa. Ta ce gari zai dusashe farin alewar, gidan surukai kuwa ido ake fara ciyarwa, a shimfiɗa ganye a ƙasa, a lulluɓe da wani a sama. Kulu a gidan alewa ta tashi, ta san abin da danshi ke yi, kuma an daɗe ana ganin yadda take kallon Zarami. Abin da ke zuciyarta Allah ne ya sani. Yagana dai kyau ta gani, ta yarda.

Aka ba Bunu ƙwarya ranar jajibiri. Iska ta taso, kogi ya cika ya tumbatsa, jirgi bai ƙetare ba sai ranar Sallah da yamma. Ƙwarya tana cikinsa a rufe, rana ta dake ta, ganye ya yi gumi.

Washegari Bunu ya dawo da ita, da goro a ciki bisa al'ada. Ya ce Allah ya ba Zarami haƙuri, yaron kirki ne. Iya ba ta gane ba sai da ta ga guntun ganye manne a gindin ƙwaryar. Ta shinshina, ta dubi 'yarta.

"Wa ya sa bado a nan?"

Yagana ta nemi Kulu da ido, Kulu ta riga ta fice.

Ba a taɓa jin uwar yarinya ta taka zuwa gidan mai nema ba, amma ranar Iya ta yafa mayafi, ta ja hannun 'yarta suka shiga jirgin Bunu. Suka tarar da Ramatu zaune a tsakar gida, komar ɗanta rataye a danga. Iya ta yi bayani, Yagana ta durƙusa ta buɗe tafin hannunta, ƙunar jan alewa tana nan.

"Inna, fara na aiko... wallahi fara na aiko."

Ramatu ta kama hannun ta daɗe tana dubawa. Ta ce a gaban mata ta buɗe ƙwarya, ta ga baƙin ruwa kamar maɗi, ta mayar ta rufe. Zarami ya bi masu ɗibar soja zuwa tashar Malam Madori tun da sassafe, an kuwa ji jirgin ƙasa ya riga ya tashi da su.

"Bai ce komai ba, Inna?"

"Ya karɓi ƙwaryar, 'yata. Ya shanye tas, bai bar ko ɗigo ba. Ya ce ko ƙi ne, daga hannunki ya fito."

Yaƙi ya ƙare, sojoji suka dawo da manyan takalma, ba Zarami a cikinsu. Wani abokin tafiyarsa ya ce zazzaɓi ya kashe shi a dajin Bama, nan suka binne shi. Bai taɓa sanin an yarda ba.

Yagana ta gaji sana'ar mahaifiyarta. Duk budurwar da ta zo a taya ta dafa alewar amsa, takan taya ta, sannan ta ɗauki ƙwaryar da kanta, ko da kogi ya cika, ta je ta buɗe ta a gaban uwar saurayi, ta ce, "Inna, duba da kyau, fara ce."

Iyakar abin da na sani ke nan. Da girmana na koyi rubutu, saboda haka duk inda kuka ga alƙalamina ya karkace, ku taimaka ku miƙe shi, Allah ya saka muku da alheri.