Akushin da Ya Tsallaka Danga

Safara'u ta gama kwashe tuwon dawa, malmala uku, don a gidan nan ba a taɓa kwashe ta huɗu ba. Ta zauna a gindin murhu tana jiyo hayaniyar gidajen unguwa, ana daka ana shewa, yara na shiga ɗiban wuta suna fita. Nan kuwa, tun da aka kawo ta Wudil daga Lajawa, ko kazar maƙwabta ba ta cika leƙowa ba, ita ma ta san ba za ta samu tsaba ba.

Mijinta Gwadabe a kasuwar Juma'a ya fara ganinta tana sayar da fura. Ya saya, ta yi masa gyara har ta kusa kamo abin da ya saya. Ya ce, "Ke kuwa da wannan hannu, yaushe za ki ci riba?" Ta ce haka aka saba a gidansu, kuma ba su taɓa kwana da yunwa ba. Daga ranar furar kowa ta daina yi masa daɗi.

Abin da bai gaya mata ba shi ne halin mahaifiyarsa Hansai. Rumbunta biyu maƙil da hatsi, amma rowarta ta wuce ta hana kyauta, ko ba ta aka yi ba ta karɓa. A garin ba a mai da kwano wayam: wanda ya aiko maka da tuwo, sai ka saka ɗan wani abu ka mayar. Hansai ta ga hanya mafi sauƙi ita ce ta kori kwanon tun daga zaure. Da haka mata suka ɗauke ƙafa, gidan ya zama kamar ba kowa.

Gwadabe kuma ɗan rakiyar shanu ne zuwa Kurmi, in ya tafi sai a yi wata biyu ba a gan shi ba. Kaɗaici ya ishi Safara'u, har ta kan yi wa awaki hira.

A damunar shekarar hatsi ya yi tsada. Safara'u ta lura kwana da kwanaki ba ta ji ƙarar turmi daga gidan Barakatu ba, wata tsohuwa da ke bayan dangarsu, wadda ɗanta ya tafi su, wato kamun kifi, can ƙasan kogi. Ta tuna karatun malamin Lajawa, cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hori mace kada ta raina abin da za ta ba maƙwabciyarta, ko da kofaton akuya ne. Ta raba malmalarta biyu, ta saka rabi a akushi ta miƙa ta saman danga.

Ba a kwana ba Hansai ta gane akushinta ɗaya ba ya nan.

"Ina akushina mai ɗinki a baki?"

"Inna, yana gidan Iya Barakatu. Rabona na ba ta, ban taɓa na kowa ba."

"Rabonki? Da hatsi kika zo daga Lajawa?" Hansai ta matsa jikin danga ta ɗaga murya. "Barakatu, a miƙo mini akushina."

Muryar tsohuwar ta taso a hankali. "Zai zo, Hansai. Ban dai samu abin sakawa a ciki ba tukuna."

Ana cikin wannan Gwadabe ya dawo. Ko ruwa bai gama sha ba uwar ta tare shi. "Kai, ko ni ko ita. Yau akushi, gobe rumbu. Shekarar da ubanka ya rasu, da kai a bayana na bi gida-gida, wa ya ba ni ko dusa? Ba zan sake komawa wannan halin ba ina da raina."

Gwadabe ya sunkuyar da kai. Ba ya iya musu da uwarsa, ba ya kuma iya furta saki. Ya sami Safara'u a ɗaki tana kuka, ya ce, "Ki je gida ki ɗan huta. Igiyata tana kanki, ba abin da zai taɓa ta. Wallahi wannan hannun naki na gani na aure ki, yau kuma shi ake so in hukunta."

"Ba komai, Malam," in ji ta. "Tausayin Inna nake ji. Ni ina da inda za ni, ita fa wa gare ta?"

Ya raka ta Lajawa, ya koma bin shanu zuciyarsa a jagule. Ita kuma duk Juma'a sai ta tsaya a ƙofar gida tana duban masu dawowa daga kasuwa, ko za a ce ga saƙo. Ba saƙo, ba biko.

Hansai ta samu abin da take so, gida ya zama nata ita kaɗai. Ran nan aka wayi gari da ruwa, ta hau rumbu ɗibar dawa, santsi ya kwashe ta, ta faɗo a kan ƙugu. Ta ja jiki zuwa bakin ɗaki, daga nan ta kasa gaba. Ta yi kira har muryarta ta dushe, ruwan sama ya danne. Wutar murhu ta mutu. Ba wanda ya yi mamakin shirun gidan, don kullum a haka yake. Ta yini ta kwana tana kallon rumbunanta biyu, ba ta iya kaiwa ga ko tsaba ɗaya.

Washegari da hantsi aka yi sallama a zaure. Barakatu ce, ɗanta ya dawo daga su, ta yi tuwo da miyar kifi, ta ciko akushin nan mai ɗinki a baki ta kawo. Ta zo ne a shirye a kore ta, sai ta tarar da Hansai a ƙasa leɓe ya bushe. Ta ajiye akushi ta fita da gudu irin na tsofaffi. Kafin azahar gidan ya cika da mata, wannan da garwashi a kasko, wannan da kunu, waccan ta kira mai ɗori.

Hansai ta ci tuwon tana hawaye. "Da yarinyar nan ba ta miƙa miki akushin ba, da me zai kawo ki?"

"Ba komai," in ji Barakatu. "Da sai dai wari ya kawo mu."

Da Gwadabe ya dawo, uwar ba ta bari ya zauna ba. A kan jaki aka ɗora ta, ita da kanta ta je biko Lajawa, abin da garin ba a taɓa gani ba. Ta riƙe hannun Safara'u ta ce, "'Yar nan, ki yafe mini. Na tsare hatsi don kada in mutu da yunwa, sai ga shi na kusa mutuwa a gindinsa." Safara'u ta durƙusa tana kuka, Gwadabe ya juya baya yana goge ido da hannun riga.

Haka rowa take. Mai ita yana zaton dukiyarsa yake karewa, alhali mutane yake korewa daga ƙofarsa, ranar da ya faɗi kuwa rumbu ba ya tashi ya ɗaga shi. Sadaka ba ta rage dukiya, kuma haƙurin Safara'u bai faɗi a banza ba.

Ranar da ta koma ɗakinta ta tuƙa tuwo, ta kwashe malmala uku kamar yadda aka saba. Hansai, daga kan tabarmarta, ta turo mata akushin mai ɗinki a baki.

"Har yanzu ba mu mai wa Barakatu komai ba. Ki cika shi." Sai ta ƙara da cewa, "Ki yi mata gyara."